Murfin da Na Ɗaga

Azumin bana ya faɗo a bakin damina, daidai lokacin da Yawunde, babban birnin Kamaru, ke yin zafin nan mai shaƙe wuya, sama ta haɗe rai amma ta ƙi sakin ruwa. Masu lissafin wata sun ce sai an haura shekara talatin kafin azumi ya kewayo ya dawo inda ya taɓa tsayawa. Ni jikina ya riga su faɗa min. Shekaranjiya da la'asar ina zaune a ƙofar shagona, iska ta taso daga wajen unguwar Tsinga da ƙanshin jar ƙasa da ta sha ɗigon farko, sai na ji wata tsohuwar kunya ta taso min. Na ɗauka tsufa ya kashe ta, ashe kwance take tana jiran ruwan bana.

Sunana Garba. Yadi nake sayarwa, shadda da atamfa da leshi, a shagon da na gada wajen mahaifina a unguwarmu Briqueterie, wadda mu dai Birik muke ce mata. A wancan zamanin shago tara ne a layinmu, jere a kan gangara, duk na katako da rufin tol, wato langa-langa, kowanne da mai shi a zaune a ciki. Nawa ne na sama. Ƙasa da ni akwai yayana Inuwa mai takalman fata, sai teloli biyu, da mai gyaran agogo, da mai goro, da mai kayan shayi, da wani baƙo Lawal mai huluna da turare. Can ƙarshen gangarar, a bakin kwata, shagon Baba Tanimu mai kwano.

Kakanninmu ne suka kafa layin. Da goro da shanu suka shigo garin nan, suka fara da tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago. Ba wanda ya rubuta doka, amma kowa ya san ta: ba ka kawo hajar maƙwabcinka, in an kira salla kuma ka gitta benci a ƙofa ka yi tafiyarka. Mace za ta shigo layin daga sama ta yanki yadi a wurina, ta gangara ta ba tela, ta gwada takalmi wurin Yaya Inuwa, ta ƙare a shagon Baba Tanimu tana ƙwanƙwasa kwanuka da farce don ta ji wanda ya fi amo. Matan ma'aikata daga ko'ina cikin gari suna zuwa, ana ciniki da Hausa da Faransanci da Fillanci, wanda bai iya ko ɗaya ba a yi da yatsa.

Baba Tanimu aminin mahaifina ne, shi ya yanka ragon sunana. Dogon tsoho ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake jin sa. Sau biyu a shekara yakan tafi Kano ya saro kwanuka da kumbuna da faranti na jeren amare, kuma a lokacin babu amaryar da za a kai ɗaki a Birik ba da kwanonsa ba.

Shi ne ya kafa mana al'adar kwano tara. Mahaifina ya ba ni labarin asalinta. Da can masu shago kan shimfiɗa tabarma su sha ruwa tare, kowa da abin da aka dafa a gidansa. Wata shekara sai wani tela ya daina zama, saboda kullum tuwonsa da miyar kuka suke komawa gida ba a taɓa ba, hannaye duk suna kan naman wani. Baba Tanimu ya lura. Da azumi ya kewayo sai ya sauko da kwanuka tara iri ɗaya sak, farare masu shuɗin baki da murfi, ya raba wa masu shago. Ya ce daga yau in an yi la'asar kowa ya je gida da ƙafarsa ya ɗauko, ban da aike, don ɗan aike yana da ido yana da baki. In ka kawo, ka wuce bayan labulen shagonsa ka ajiye ka fito. Shi kaɗai ke shiga ya buɗe, ya juye a manyan faranti uku, kunu kuma a daro, ya ɗauraye kwanukan ya kife. In an tashi kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Ba a yabon miya, ba a tambayar ta gidan wa ce.

Wannan zaman shi ke riƙe da layin. Ciniki a azumi ba ya tashi sai an sha ruwa, lokacin da gari ya yi sanyi mata suka fito. Wanda ya tafi gida buɗa-baki, ya ci ya miƙe ƙafa, ba ya dawowa, balle in ana ruwa. Cinikin goman ƙarshe kuwa shi ke ɗaukar shago ya kai shi wata shekara. In mun zauna tare, fitila tara ce a jere, mai saye ya hango haske tun daga titi ya karkato.

Shekarar da nake ba da labari ita ce wadda aka zabtare albashin ma'aikata, ba a gama wannan kuka ba aka karya darajar kuɗi. Yawunde garin albashi ne, in bai zo ba har mai goro sai ya ji a jikinsa. Kayan da ake sarowa daga Najeriya suka yi tashin gwauron zabi. Matan da ke ɗaukar turmi ba ciniki suka koma ɗagawa su shafa su ajiye, su ce za su dawo. Ga roba ta cika kasuwar Mokolo, ja da kore da ruwan ɗorawa, da kuɗin kwano ɗaya na Baba sai mace ta cika kwando. Kowace safiya muna ganin sa yana goge jeren kwanukansa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowanne inda yake jiya.

A haka azumi ya same mu, da zafin da ban taɓa ji ba. Tun hantsi tol ke fara ƙara a kanmu, ƙas, ƙas. Kafin azahar riga ta manne a baya, leɓe ya bushe, mai kayan shayi ya jiƙa tawul ya ɗora a ƙeya ya kwanta kan benci. Famfo ya yi ta ɗaukewa, matanmu na tashi tun kafin asuba su bi layin ruwa. Teloli suna taka keke a hankali don kar aikin da ke hannu ya ƙare su rasa abin yi. Da la'asar masu soya, wato tsire, su hura wuta a bakin titi, hayaƙin nama da yaji ya biyo gangara ya shigo har cikin shago, ka ji hanjinka na kuka kana jan carbi. Kullum hadari ya haɗu a kan duwatsu, ya yi baƙi ƙirin, mu fara janye kaya, sai iska ta watsa shi a bar mu da gumi.

Ni da sauƙi, gaskiya. Komai tsanani uba zai yanka wa 'ya'yansa ko yadi biyu ne na salla. Matata Balaraba kuma 'yar gidan mahauta ce, yayanta na yanka a mayankar Etoudi, saboda haka tukunyarmu ba ta rasa ƙashi da 'yar tsoka. Ina da shekara talatin, ina da takardar lekol, wato boko, ina da baki. Tun mahaifina na da rai yake kira na Rediyo, ya ce ni ba a murɗa ni, da kaina nake kamawa.

Wajen kwana goma ga wata na fara lura faranti na ramewa. Kwano tara ke shiga bayan labule, abin da ke fitowa bai wuce na gida biyar ko shida ba. Yankan naman Balaraba ko a duhu na san shi. Sai in ga tsokokin da aka zuba a gabana a gida sun watsu cikin faranti uku, ɗaya ta iso wurina, wata rana ko ɗayar ba ta isowa. Yunwa ta haɗu da girman kai, suka zauna min a ƙirji.

Wata la'asar na je ɗaukar abinci na ce da ita, "Balaraba, akwai mai cin bulus a layin nan."

Tana kwashe tuwo, ba ta ko ɗago ba. "Kai aka naɗa mai gadin faranti?"

"Gumina ne fa."

"Gumin nawa dai. Ni ke gaban murhu da azumi a baki, kuma ban yi ƙorafi ba. Maigida, ka kai, ka ci, ka dawo min da kwano. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ji ta, amma ta bayan kunne. Na riga na yanke wa wani hukunci a zuciyata, wato Lawal mai hula. Shekararsa biyu da zuwa daga wajen Gusau, ba mata, ba dangi, ko gaisuwar Faransanci bai iya ba. Mu da aka haife mu a nan muna da wani ɗan jiji-da-kai a kan irinsu, kamar kakanninmu ba da ƙullin kaya a ka suka zo ba. Na ce gwauro a ina zai samo abin cika kwano kullum? Na fara tsokanarsa a kan tabarma.

"Najeriya, yau me uwargida ta dafa mana?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Abin da Allah ya hore, Malam Garba."

Baba Tanimu ya dube ni ta saman faranti. "Garba, baki ɗaya gare ka. Ka zaɓa, ko ci ko magana."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban bari ba. Yaya Inuwa na zaune kusa da ni kullum. Loma uku yake yi ya tsame hannu, ya ce kunu ya cika masa ciki. Na ɗauka tsohon ciwon cikinsa ne ya motsa.

Ranar sha tara ga wata gari ya wayi ko ganye ba ya motsi. Muka yi la'asar, kowa ya je ya kawo kwanonsa ya ajiye bayan labule. Saura kamar rabin awa a sha ruwa sai iska ta taso, irin wadda ke ɗaga tol ta maka shi. Gari ya yi duhu, kuran, wato lantarki, ya ɗauke, sannan ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko ne, ƙasa ta yi tauri ba ta sha. Jan ruwa ya biyo gangara da ledoji da ɓawon mangwaro, kwata ta cika ta tumbatsa, ya nufi shagon Baba kai tsaye. Muka ruga gaba ɗaya. Kafin mu isa ruwa ya kai idon sawu a ciki, ƙananan kumbuna na yawo a kai.

Mai goro ya ɗaga murya, "A kai abinci sama, barandar Garba!"

Baba ya tare bakin labule da hannu. "Ku ɗaga min kaya kan kanta. Nan ciki ku bar min, ni zan kawo."

Kowa ya ji ya bi, ban da ni. Da ya juya yana miƙa wa tela faranti, na kutsa ta gefensa na suri kwano biyu. In na ce taimako ne ya shigar da ni, na yi ƙarya. Kwana tara ina son ganin bayan labulen nan.

Na hau gangara da gudu, ruwa na dukan fuskata. Daf da shagon Yaya Inuwa santsi ya kwashe ni, na dafe da gwiwa, murfin kwanon sama ya goce. Wani abu mai zafi ya zubo min a hannu. Na duba ina tsammanin kunu, sai na ga hannuna fes, ko alamar gari babu.

Na isa baranda na jira har suka taru, kowa a jiƙe, ana matse riguna. Sannan na ajiye kwanon a tsakiyar tabarma na ɗaga murfin. Tururi ya tashi. Ruwa ne zalla, kana hango farin gindin kwanon. An tafasa shi ne don kwanon ya yi nauyi ya yi ɗumi a hannu, duk wanda ya gamu da mai shi a hanya ya ɗauka kunu ne.

Na ce, "To jama'a, ga miyar wani gida. Ko gishiri ba a sa mana ba."

Ba wanda ya yi dariya. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali, amma Rediyo ya riga ya kama. Na juya wajen Lawal.

"Najeriya, haka ake yi a garinku? Ka kawo ruwa ka ci nama?"

Lawal ya dubi kwanon, ya dubi wajen gangara, ya sunkuyar da kai. "Nawa ne. Ku yi haƙuri."

Wallahi daɗi na ji. Duk cikin abin da ya faru ranar, wannan daɗin ne ya fi ci min rai har yau.

Ashe Baba Tanimu ya iso, yana tsaye a bakin baranda da kwanuka a rungume a ƙirji, rigarsa ta yi ja da laka har gwiwa. Ya ajiye su a hankali.

"Lawal, rana ba ta faɗi ba tukuna. Kar ka ɓata azuminka da ƙarya saboda ni." Ya sunkuya ya karɓi murfin daga hannuna, ya mayar da shi kan kwanon. "Mai kawo ruwa ni ne. Goggonku ke tafasa min a gida. Yau kwana shida."

Ruwa na ta dukan tol. Na jira ya zage ni, ko ya ambaci mahaifina, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na gode masa. Sai ya ce, "Garba, ara min yadi biyu."

Na zaro masa wata farar shadda. Ya ɗaura ta daga ƙusa zuwa ƙusa a cikin shagona, ya kwashi sauran kwanukan ɗaya-ɗaya ya shiga baya da su. Muna jin ƙarar cokali yana juyewa kamar kullum. Ya fito da faranti uku da daron kunu daidai ladan na kira. Ya ci dabino ɗaya, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Bai sa hannu a faranti ba. Ni kuwa tsokar Balaraba ce ta faɗo gabana, na tauna na tauna ta ƙi wucewa.

Washegari kwaɗo ne a ƙofar shagon Baba. Na yi ta leƙen gangara har azahar, ba a buɗe ba. Da aka yi la'asar na ga mai gyaran agogo yana jan ƙyaurensa, ɗaya daga cikin teloli ma ya rufe kekensa da zane. Sai na ga Yaya Inuwa na shigar da takalma.

"Yaya, ba za ka dawo ba?"

Bai dube ni ba. "Ƙafata ke ciwo. Hawa daga gidana a Tsinga sau biyu ya yi min yawa."

Kwano biyar ne suka zo ranar. Babu labule, babu mai juyewa, kowa ya zauna da nasa a gabansa a rufe. Aka kira salla ba wanda ya miƙa hannu. Can mai goro ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Garba, kai ka iya buɗewa."

Na buɗe. A kwanon Lawal wake ne da manja, cike har baki. Waken nan da nake wawura tun farkon wata ina cewa a raina matar wani ta iya girki, ashe shi ke dafa shi da hannunsa a kan risho.

Shi ne ya ƙarasa min labarin bayan an tashi, don katako ɗaya ne tsakanin shagonsa da na Baba, yana jin komai. Ya ce tun farkon wata Baba ya ga wasu kwanuka na zuwa da abin da bai rufe gindi ba, ya gane masu su na shirin daina zama. Sai ya bi su ɗaya-ɗaya ya ce kowa ya zo da kwanonsa ko ruwan zafi ne a ciki, kar ya rufe shago a goman ƙarshe. Daga baya shi ma tukunyar gidansa ta kai ga haka.

"Su huɗu ne, Malam Garba," in ji Lawal. "Ban faɗa maka suna ba. Ka dai ga ƙofofin da ke rufe."

Murfi ɗaya na ɗaga, na tona asirin gida huɗu, ciki har da na wanda muka sha nono ɗaya. Wa ba ya roƙon ƙane, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Har yau ban sani ba ko kwanon da ya zubo min a hannu na Baba ne ko na yayana.

Goman ƙarshe ta shigo da ruwa kowace yamma. Fitila biyar ce ke ci a layin, da duhu a tsakaninsu kamar bakin mai giɓi. Mata su tsaya a bakin titi da lema, su leƙo, su ga rabin layi a rufe, su wuce Mokolo. Wadda ta yanki yadi a wurina ba ta samu takalmi ba, wadda ta zo neman kwanon salla ta juya tun daga sama. Mu biyar ɗin ma ba mu ga cinikin da muka saba ba.

Bayan salla Baba bai sake buɗewa ba. Wani ɗan kasuwa ya kwashe kwanukan a dunƙule, shagon ya zama siton bokitan roba. Mai gyaran agogo ya koma gadi. Telan ya ɗora keke a kafaɗa ya shiga unguwanni yana kaɗa almakashi. Yaya Inuwa ya lallaɓa har azumi na gaba, sannan ya sayar da wurin ya koma bin dillalan shanu a Etoudi. Muka ci gaba da zumunci, suna da biki da jana'iza, amma har ya koma ga Allah bai taɓa ambaton ranar nan ba, ni ma ban iya ba. Ba a sake zaman kwano tara ba.

Sauran kuma zamani ya bi su a hankali. Gwanjo ya zo, ɗinkakkun kaya masu araha suka zo daga ƙasashen waje, aka buɗe manyan kantuna masu sanyi inda ba a tayi. Magada suka sayar da filaye aka ta da bene. Lawal ya yi aure a nan, ya daɗe, daga baya ya koma gida. Yanzu a waya ake zaɓen yadi, ɗan moto, wato ɗan acaɓa, ya kai har ƙofa. In ka tsaya a saman gangara yau za ka ga rumfar tura kuɗi, da shagon wayoyi, da sito uku da ban taɓa ganin masu su ba, sai ma'aikatan da ake sauyawa kafin ka riƙe sunansu. Ni kaɗai na rage mai zama a cikin nasa. In masu sayen yadi suka tambaye ni me ya cinye layin nan, sai in lissafo musu roba da gwanjo da karyewar kuɗi. Duk gaskiya ne, wataƙila ma da ban yi abin da na yi ba da ƙarshen ɗaya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na san wanda ya fara tsaga namu.

Akwai abin da na tsallake da gangan, don shi ne mai wuyar faɗi. Na je gidan Baba. Kwana shida na yi ina ɗagawa. Balaraba ba ta yi min faɗa ba, ba ta ma ce ai na gaya maka ba. Ranar ashirin da biyar ta cika farin kwanon da shinkafa da miyar nama, ta ɗaure shi a cikin zane, ta miƙo min ta ce, "Ka san hanya."

Na same shi bayan la'asar a kan buzu a zaure, da carbi a hannu. Ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi abin kunya. Ka yafe min."

"Na yafe tun ranar, kafin ladan ya kai ƙarshe. Tashi ka zauna."

"To ka dawo shago, Baba. Layin ya mutu ba kai."

Ya ajiye carbin. "Garba, shekara nawa ina kallon cikin kwanon mutane, ba wanda ya taɓa haɗa ido da ni ya sunkuya. Yanzu in na zauna a tabarmar nan kowa zai riƙa turo nama gabana. Kai ma za ka turo. Ba zan iya ba."

Ya kira matarsa, Goggo Adama, wadda ta goya ni ina jariri. Ta karɓi kwanon ta shiga ciki. A wurinmu ba a mayar da kwanon da aka kawo maka abinci wayam. Ko goro biyu ne, ko sabulu, ko 'yan dabino, sai an sa wani abu a ciki. Na ji ta tana juyewa, na ji tana wankewa, sannan na ji ta daɗe tana buɗe-buɗen kwalaye. Ta fito ta miƙo min shi da hannu biyu, a rufe. Ina karɓa na ji ba nauyi.

"Ka gaida Balaraba, Allah ya saka mata da alheri. Ka ce ta yi haƙuri, na san ba a mayar da kwano haka." Ta gyara mayafinta. "Amma kai ai ka riga ka sani."

Kwanon yana nan. Shuɗin bakinsa ya ɓantare wuri biyu, 'ya'yana sun sayo min kula masu riƙe zafi sun gaji, na ce a bar min shi. A ciki Balaraba ke zuba min abin buɗa-baki, kuma har yanzu da ƙafata nake zuwa in ɗauko. Jiya ruwa ya sauko kafin magariba, jan ruwa ya bi gangara kamar yadda ya saba. Matar da ke rumfar tura kuɗi ta kulle, ta ce min "Bon appétit, Papa," wato a ci lafiya, ta hau moto. Aka kira salla ina zaune ni kaɗai a baranda, babu kowa a layin daga sama har bakin kwata. Duk da haka sai da na waiwaya hagu da dama kafin na ɗaga murfin.